Tauraruwar Ƙarƙashin Rumbu

Surukina yana da wata aba da yake ajiyewa cikin fasasshen kasko a ƙarƙashin rumbu, kuma da ita rabin ƙauyenmu yake shuka. In ka gan ta da rani ba za ka sunkuya dominta ba. Busasshiya ce, launin ƙasa, ba ta fi ƙwallon aduwa ba, a dunƙule kamar hannun jariri. Amma da zarar iska ta juyo daga kudu ta ɗauko laima, sai ta fara sakin yatsunta ɗaya bayan ɗaya, su baje su kai bakwai ko takwas, ɗan ƙullin da ke tsakiya ya fito fili. Shi ya sa yake ce mata tauraruwar ƙasa. Ban sani ba ko a wani gari tana da wani suna.

Sunansa Wada. A takarda na rubuta, bakina bai taɓa faɗa ba, ko kalmar wadata ba na furtawa a gidan nan, sai dai in ce yalwa. Baba nake ce masa, shi ma ba a gabansa ba. Ni ce Hinda, matar ɗansa Sadisu, kuma shekarata bakwai a gidan lokacin da abin nan ya faru.

Duk kaka Baba yakan je ƙarshen gona, gindin wani tsohon gawo inda ganye da kashin awaki suka ruɓe suka yi baƙi, ya tsinto sabuwa. A fili mai rairayi zalla ba ta fitowa, gindin ƙananan gawo ma ba ta so, sai tsoho. Yakan ce a zamanin ƙuruciyarsa daga nan har Dungas ba ka rasa ta, yanzu da ake kwashe taki a amalanke sai an yi da gaske. Tana farawa ne a binne kamar 'yar albasa, sannan ɓawon ya tsage ya ɗago ƙullin sama. Ba saiwa, ba ganye, ba fure. A kan ƙullin akwai 'yar kafa, in ɗigon ruwan sama ya doke shi sai ya fesa wani gari kamar garin taba, kuma garin nan shi ne irinta. Mushe Faruku, malamin lakwal, wato makarantar boko, ya taɓa zuwa ya ɗauke ta hoto da waya, ya ce dangin laimar kwaɗi ce da tumukun suri, kuma akwai ire-irenta a ƙasashe masu nisa, har inda ake sanyi. Ya ƙara da cewa ita laima kawai take ji, ba ta san gobe ba. Baba ya ce to ai shi ma laimar yake tambaya, gobe ta Allah ce.

Abin da yake nema a wurinta ranar binne ce. Binne shi ne a zuba iri cikin busasshiyar ƙasa don ruwan fari ya tarar da shi a ciki. In ka dace, ruwa ya sauko bayan kwana uku ko huɗu, ka riga kowa, geronka ya nuna tun kafin yunwar damina ta kai ga ƙashi. In ka yi gaggawa, tururuwa da ɓeraye su yi biki. Mafi muni shi ne yayyafi ya zo ya tashe shi, ya tsiro, rana ta gasa shi. Shekara da shekaru Baba bai cika kuskure ba, har sau biyu ya ƙaryata meteyo, masu hasashen yanayi a rediyo. Saboda haka mazan ƙauyen, da duk cika bakinsu a gindin dalbejiya, ba wanda ke taɓa irinsa sai ya ga Baba ya fito da sungumi a kafaɗa.

Tsakanina da shi kunya ce irin ta suruki da matar ɗa. Ban taɓa kallon fuskarsa ba, ƙafafunsa na sani. Ban taɓa yi masa magana ba banda gaisuwa a durƙushe, shi ma bai taɓa kiran sunana ba. Wannan bai taɓa damun kowa ba, domin akwai Inna Ƙande, matarsa. Duk abin da nake so ya ji ita nake gaya wa, duk abin da yake so in yi ita ke zuwa da shi, har da ɗan gishirinta a kai. Bayan girbin bara Inna ta kwanta kwana shida, Allah ya karɓi abarsa. Sadisu ya zauna har sadakar arba'in, sannan ya tafi ci-rani Kano kamar yadda ya saba, ya ce sai ruwa ya sauka. Gida ya rage daga ni sai Baba sai 'yata Amira da nake goyo. In Baba yana son ruwa sai ya ce da iska, a kawo ruwa. Ni kuma in ajiye a bakin ɗakinsa in ce da Amira, ga ruwan kakanki nan.

Bara ɗin ba ta yi mana kyau ba, tsutsa ta cinye zangarniya tun tana tsaye. Abin da Inna ta iya zaɓowa na iri, ta sussuke, ta gauraya da toka, ta zuba a tulu ta liƙe bakin da laka, tiya huɗu ne. Irin gidan ne, mai gashi wanda tsuntsu ba ya so, mai saurin nuna, tun kakan Baba ake riƙe da shi. Maƙwabta uku da ke da shi ma a wurinmu suka samo. A kasuwa ba a sayar da shi. Da rani akwai ranakun da na wuni da ɗan kunun dawa, na dubi tulun nan na kau da kai, don na san in ya tafi ba mai dawo da shi.

Da bazara ta kama, abu biyu suka haɗu mini. Iska ta kwashe rumfar tsakar gida, tsohuwar randa kuma ta tsage. Ranar kasuwar Guci na sayo sabuwa. Da na dawo na duba gidan, babu inuwa ko ta kaza sai gindin rumbu. Rumbun namu yana kan iyaka ne, zana ta bi ta jikinsa, rabi a ɓangarena rabi a ɓangaren Baba, amma ƙarƙashinsa a buɗe yake. Inna ta sha hana ni wanke-wanke a wurin. Ba ta taɓa faɗa mini dalili ba, ni kuma na ɗauka gara take gudu. Na ce a raina kwana nawa ne kafin Sadisu ya dawo ya gyara rumfa, gara ba za ta ci rumbu a wata ɗaya ba. Na tona gurbi, na zaunar da randa, na naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu, na kwarara ruwa a gindinta don ta yi sanyi, kamar yadda kowace mace take yi. Sabuwar randa kuwa dama tsatsafa take yi dare da rana.

Na san Baba yana da tauraruwa, na kuma san a ƙarƙashin rumbu take. Kullum da safe ina jin sa ta bayan zana yana durƙusawa yana laluba, don idonsa ya yi yana, da yatsu yake dubawa. Wallahi ko sau ɗaya ban haɗa abin nan biyu a kaina ba. Ruwan sha mai sanyi kawai nake so in ajiye wa tsoho.

Safiya ta uku na ji dariyarsa. Tun rasuwar Inna ban ji ta ba, har na tsaya da taɓarya a hannu. Yana cewa ta buɗe, ta buɗe duka, har kaskon ma ya yi sanyi. Ya leƙa ta kan danga ya kira maƙwabcinmu Bukar ya gaya masa, sannan ya juyo ya ce da iska, a fito da tulun iri.

Na fito da tulun daga ɗakin Inna. Da na zo wucewa ta gindin rumbu na sunkuya don in gyara buhun randa, sai idona ya bi danshin. Ya tashi daga gindin randa, ya malala ƙarƙashin rumbu, ya je har ya kewaye kaskon. Ga tauraruwa a ciki ta baje yatsunta kamar tana miƙa. Na ɗaga kai na dubi sama, fari fat, iska kuma zafi take hurawa daga gabas kamar jiya. Ni na buɗe ta.

Ba ni da Inna, sai na yi abin da na iya. Na sauke Amira, na zaunar da ita kusa da zana, na ɗaga murya yadda zai ji.

"Amira, kin ga randar nan taki? Ta jiƙa ƙasa har can ƙarƙashin rumbu."

Muryarsa ta zo ta bayan zana, da fara'a.

"A gaya wa uwar Amira sabuwar randa haka take. In ta kwana biyu za ta daina."

Ya ɗauka ƙorafin randa nake yi. Kunnensa ma na hagu ba ya ji sosai, wataƙila rabin maganar ya kama. Na buɗe baki in maimaita, sai ga Bukar ya shigo da murnarsa yana cewa shi ma zai fasa nasa tulun. A gaban baƙo kuma ina ni ina ce wa surukina tauraruwarka ta yi ƙarya, ruwan randata ta sha? Na ja Amira na koma ɗaki.

Kafin mu fita gona na janye randar zuwa bayan ɗakina, ina sa ran gobe ya duba ya tarar ta rufe ya dakata. Ashe ban san al'adarsa ba. Ina ji ya kife kaskon ya ɗora dutse a kai, yana gaya wa Bukar cewa shi ba ya tambayarta sau biyu, wanda ya ba ka amsa ka sake tambayarsa ka maishe shi maƙaryaci.

Shuka aikin mutum biyu ne. Namiji yana gaba yana sara gurbi da sungumi, na baya yana zuba iri yana rufewa da diddige. A da Inna ce ke bin sa. Bana ba kowa sai ni. Na goya Amira, na cika ƙoƙo, na bi bayansa cikin rairayi mai ƙuna, da hannuna nake zuba irin Inna a cikin ƙasar da na san ba ruwa a kusa da ita. Shi kuwa yana sara yana ɗan waƙe-waƙensa a hankali. Tsakaninmu bai fi taku uku ba. Sau nawa na shirya maganar a bakina, gajeriya ce, numfashi ɗaya ya ishe ta. Da na dubi bayan ƙafafunsa sai in ce bari mu kai ƙarshen layin nan, mu kai, mu juyo, in ce bari na gaba.

Da azahar da muka tashi na je gidan Bukar na roƙi matarsa Zara ta ara mini waya na kira Sadisu. Na same shi cikin hayaniyar kasuwa. Na gaya masa komai, ban rage ba. Ya yi dariya tukuna, wai yanzu randa ce za ta ruɗi mutumin da ya shekara hamsin yana abu. Na ce ya ji tsoron Allah ya yi wa Baba magana ta wayar Bukar. Sai ya canza murya, ya ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kada in kuskura in sa baki a harkar maza, kuma kada ya ji an ce matarsa ta yi wa ubansa musu. Ya ce dai zai kira da la'asar. Mijin nan nawa mutumin kirki ne, amma in ya ce zai kira da la'asar, to bai faɗi la'asar ɗin wace rana ba.

Zara tana tsaye ta ji duka. Na ce ta gaya wa mijinta. Ta riƙe haɓa ta ce ita ina, Bukar ya riga ya fasa tulu ya yi rabin gona, in ta faɗa masa yanzu a kanta zai huce, kuma wa ya sani, ko ruwan ya zo. Mutum ɗaya ce a duniya za ta iya tsayawa gaban Baba ta ce masa kai Wada dakata, ita ce ƙanwarsa Gwaggo Daso, ita kuwa tana can wajen Magarya jinyar 'yarta. Na dawo gida da maganata kamar yadda na fita da ita.

Kwana uku muka yi muna binne. A rana ta biyu na fara sata. Kowane gurbi abin da yatsu uku suka ɗauka ake zubawa, sai na koma yatsu biyu, ragowar in zura a haɓar zanena. Baba ya san tiya huɗu daidai gonar take, in iri ya ragu a ƙoƙo zai ce a kai 'yar gonar bayan gari, shi ya sa na ɓoye. Ban tara da yawa ba, kuma ba zan ce tsoron Allah ne kaɗai ya hana ni ba. Wani ɓangare na zuciyata yana cewa, ke Hinda, in fa tsohon nan gaskiya gare shi? In ruwa ya zo jibi, kin rage masa gero a banza. Haka na yi ta yi, layi ɗaya in sata, layi biyar in ji kunya. Da muka gama abin da ke ƙulle a zanena bai wuce cikin tafi biyu ba. Na zuba a tsumma na cusa cikin jinkar ɗakina.

Daga nan sai jira. Kwana huɗu suka wuce, suka zama bakwai. Kullum da hantsi Baba yakan fita ƙofar gida ya juya fuskarsa kudu ya daɗe a tsaye. Dariyar nan ba ta sake dawowa ba. Ni kuma in na kai masa kunu sai in ga na jiya bai sha rabi ba. Rediyon Zara ya ce meteyo ta ce damina za ta yi jinkiri bana, a yi haƙuri da shuka. Mutum tara ne suka bi Baba suka yi binne, cikinsu har da ukun nan masu irin gidanmu.

Rana ta goma da safe ina tankaɗe kusa da zana, na ji ya durƙusa gindin rumbu. Ya ɗauke dutsen, ya buɗe kaskon, ya karya al'adarsa. Ta kafar zana nake ganin hannunsa. Ya ɗauki tauraruwar, a dunƙule take kamar ba ta taɓa buɗewa ba. Ya ajiye ta, ya fara shafa ƙasa. Hannun ya yi ta matsowa ƙarƙashin rumbu, yana bin inda danshi ya bushe ya bar ɓawo, har ya iso ɓangarena, ya faɗa cikin gurbin da randa ta zauna. Ban tuna na cike shi ba. Yatsunsa suka kewaye bakin gurbin sau ɗaya, suka tsaya. Duk wanda ya girma a gidan da ake shan ruwan randa ya san wannan gurbi. Na san ya gane, na kuma san maganata da Amira ta dawo masa.

Na tsaya ina jiran ya yi magana, ko da iska ce. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Hannun ya daɗe a wurin, sannan ya fara jawo rairayi yana turawa cikin gurbin. Ya cike shi, ya shafe da tafinsa har wurin ya yi daidai da sauran ƙasa. Ya janye hannunsa, na ji ya miƙe da kyar ya shiga ɗaki.

Kwana biyu bayan nan abin da muke tsoro ya zo. Da la'asar hadari ya taso kamar gaske, yara suna ta tsalle, ya yi rugugi ya yi walƙiya, ya zubo abin da ko tabarma bai jiƙa sosai ba, ya wuce yamma. Ya dai isa ya tashi iri. Bayan kwana uku gonar ta yi kore siri-siri, layi-layi, gwanin sha'awa, duk wanda bai sani ba sai ya yi mana barka. Na je na gani, na zauna gindin gawo na yi kuka, don na san ƙasan rairayin a bushe yake ƙamas.

Kwana goma sha shida ba ɗigo. Na ga yadda yake mutuwa, ban kuma iya komai ba. Da fari da rana yake lanƙwashewa da safe ya miƙe, daga baya ya daina miƙewa. Ya yi rawaya, ya yi fari, iska ta zo da rairayi ta rufe shi. Akwai ranar da na ɗauki bido, wato jarka, biyu na ruwa a jaki daga rijiya na shayar da layi ɗaya, kafin in kai ƙarshensa farkon ya bushe. Wata mata da ke wucewa ta tsaya ta kalle ni, ta tafi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Bukar ya biyo Baba har zaure, da mutum biyu a bayansa. Ina jin su daga ciki. Bukar ba marar kunya ba ne, amma irinsa duka ya tafi, ga bakuna goma sha ɗaya a gidansa. Ya ce shi ba rigima ya zo yi ba, so yake kawai ya san abin da ya faru, shekara talatin suna bin Baba ba a taɓa haka ba. Ɗaya daga cikinsu ya ce dama Mushe ya faɗa, busasshiyar laimar kwaɗi ba ta sanin gaibu. Ni kuwa na tsaya jikin bango ina jiran in ji kalmar randa.

"Ita ba ta yi ƙarya ba," in ji Baba. "Hannuna ne ya tsufa. Ban ji daidai ba. Ku yafe mini, daga bana kuma kada wanda ya ƙara jira na."

Na ji takalmansu suna fita ɗaya bayan ɗaya. Shekara hamsin na sunansa ya ajiye a zauren nan don kada a ce matar ɗansa ce ta kashe irin gari. Na so in fita in ce ƙarya yake yi, ni ce. Ƙafata ta kai bakin ƙofa ta tsaya. In na fita na ƙaryata shi a gaban mutane, na kuma zubar da abin da ya rufe da hannunsa. Na koma na zauna kusa da randar ina jin haushinta, ina jin haushin Inna da ba ta faɗa mini dalili ba, ina jin haushin Sadisu da la'asar ɗinsa, na fi jin haushin bakina.

Ruwan gaske ya zo ranar Talata da azahar, ya yi ta zuba har magariba, ya cika kududdufi. Ina tsaye bakin ɗaki na ga kaskon, wanda iska ta turo shi gefen rumbu, ya cika da ruwa, tauraruwar ta buɗe, ɗigo yana dukan ƙullinta tana fesa ɗan garinta. Sai na tuna abin da Inna ta taɓa ce mini tana dariya, wai ita wannan aba ta fi maza wayo, ba ta sakin irinta sai ruwa ya taɓa ta. Zara ta leƙo ta kan danga ta ce Sadisu ya kira, yana hanya, zai sayo gero a kasuwar iyaka a shuka. Geron ci ne, ba wanda ya san asalinsa ko kwana nawa yake yi.

Da gari ya waye ƙasa ta yi laushi har tsawon hannu. Ko'ina ana jin ƙarar sungumi, masu sauran iri suna shuka. Baba bai fito ba. Na hau turmi na zaro tsumman daga jinka, na juye a ƙoƙo, na ajiye a bakin ɗakinsa kusa da kunu. Ban ce komai da Amira ba. Na ji ya jawo ƙoƙon, na ji yatsunsa suna motsa ƙwayoyin, na ji ya shinshina tokar Inna. Bai tambayi inda ya fito ba. Can ya ce da iska, a goya yarinya.

Muka fara daga gindin gawo inda ƙasa ta fi ƙarfi. Yana sara ina zubawa, yatsu biyu, wani gurbin ma ƙwaya biyar nake ƙirgawa. Yau ba waƙa. Muka yi layi ɗaya, muka juyo, muka yi na biyu. A tsakiyar na biyar yatsuna suka taɓa gindin ƙoƙo. Na karkata shi, na tsince abin da ya maƙale, na zuba, na rufe.

Shi bai sani ba. Idonsa ba ya gani, bayansa yake ba ni, ya ci gaba da sara. Gurbi ɗaya, biyu, biyar, goma, suna buɗe a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ni kuma ina bin sa da ƙoƙo wayam. Har na kai diddige zan rufe na farko haka nan, don kada ya ji takuna ya tsaya. Sai na fasa.

"Baba," na ce. "Iri ya ƙare."

Sungumin yana sama ya tsaya. Ya sauke shi a hankali, ya dogara a kansa, bai juyo ba. Gabanmu gona ce har inda ido ya kai, baƙa da ruwa, ba komai a cikinta.

"Layi nawa muka samu, Hinda?"

"Huɗu da rabi."

Ya gyaɗa kai. Sannan ya ce in je gida in ɗauko gatari, a saro ƙaya a kewaye su kafin awaki su fito.